Banatin kakana ya yi tsatsa, yaya zan gyara shi?

Jikan Soja: Salamu alaikum. Cikin adakar kakana, wanda ya yi yaƙin Bama, na tsinci banatinsa, wato wuƙar da ake kafawa a bakin bindigar Lee-Enfield. Tsatsa ta ci ƙarfen, amma ana ganin 1907 kusa da ƙota. In kai wa masu wasa wuƙa?

Ɗan Maƙera: Kul, ɗan'uwa! Dutsen inji zai cinye lambar nan. Jiƙa ƙarfen kaɗai da kananzir kwana biyu, ka goge a hankali da soson ƙarfe mai laushi, sannan ka shafa man keken ɗinki.

Hajiya: Kuben na fata ne? Kada ka mayar da shi ciki, fata tana riƙe danshi. Allah ya jiƙan Baba.

Jikan Soja: Amin, Hajiya. Na fata ne, har ɗinkin ya fara warwarewa.