Zafi ya hana tankin kifina na ruwan gishiri daidaituwa

Assalamu alaikum. Masana kiwon kifin teku a gida, ku taimaka min, abin ya ishe ni.

Sati shida ke nan da na haɗa tanki mai lita 80 a Kano, da matatar ruwa, da famfon kaɗa ruwa, da hitar da ban taɓa kunnawa ba. Kifi biyu ne ciki, masu launin ruwan goro da farin ratsi. Kamata ya yi ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, amma da azahar sai ya kai 31. Kifayen su taso sama suna haki, abinci ma ko kallonsa ba sa yi.

Na jefa gorar ƙanƙara, zafin ya sauka, cikin awa guda ya koma. Na ɗora fanka a bakin tankin, ya sauko 29, sai ruwa ya riƙa ƙafewa, gishirin ya tashi daga 1.025 zuwa 1.028 a ma'aunin gishirin ruwa, ga farin ɓawo a gefen gilashi. In aka ɗauke wuta kuwa, komai ya tsaya cak.

Kuɗin abu ɗaya nake da shi. Na'urar sanyaya ruwa zan fara saya, ko batirin da zai riƙe famfo da fanka?