Neman shawara kan Tarantelle ta Chopin: hannun hagu yana ƙagewa

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana piyano su taimaka mini da shawara kan Tarantelle, lamba ta 43 cikin ayyukan Frédéric Chopin, mai tsara kiɗan piyano ɗan ƙasar Poland, wadda ya tsara a 1841 bisa salon rawar gargajiyar kudancin Italiya, wato tarantella.

Wata huɗu ke nan ina fama da ita. Idan na kaɗa ta a hankali komai yana zama daidai, amma da zarar na kusanci saurin da aka rubuta, wato Presto, ma'ana da sauri sosai, sai wuyan hannuna na hagu ya ƙage tun kafin in kai rabi, yatsu su riƙa tuntuɓe, ƙidayar 6/8 ɗin nan mai tafiya uku-uku ta watse, har rawar ta koma hayaniya. Na gwada kowane hannu shi kaɗai, na kuma riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan da na'urar ƙidayar bugu, duk da haka a wuri ɗaya nake cijewa.

Shin matsalar daga zaɓin yatsu take, ko daga yadda nake ɗaure hannun? Kuma yaya ya kamata a riƙa taka feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don tsawaita sauti, don kada sautin ya cakuɗe? Wanda ya taɓa kaɗa ta, don Allah ya bayyana mini atisayen da ya yi masa amfani.