Neman shawara: rimap ko akwatin ƙara ƙarfi, wanne ya dace da Hilux mai dizal?

Aminu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Hilux 2.5 D-4D ta 2008, mai shan dizal, giyar hannu. Da ita nake ɗauko masara da waken suya daga kasuwar Giwa zuwa Zariya. In babu kaya lafiya lau take gudu, amma da zarar na ɗora buhuna sai jikinta ya mutu, har wuce tirela a hanyar Funtuwa ya zama abin fargaba. Wani ya ce in kai a yi mata rimap, wato a sake rubuta manhajar da ke cikin birenbos, kwamfutar da ke sarrafa inji. Wani kuma ya ce in sayi ɗan akwatin nan da ake jonawa a wayoyin inji, ranar da na gaji in cire abina. Akwatin ya fi araha. Wanne ya fi, kuma wanne ne ba zai kashe min inji ba? Da motar nan nake ciyar da iyali.

Oga Bala Rewaya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam Aminu. Akwatin nan ba ya taɓa birenbos, yaudararsa yake yi. Ana saka shi tsakanin birenbos da sensar da ke auna matsin mai a bututun da ke raba wa nozul dizal. Sai ya riƙa gaya wa birenbos cewa matsin bai kai ba, shi kuma ya sa famfo ya ƙara turowa. Za ka ji mota ta farka, wannan gaskiya ne. Amma bututun nan dama yana ɗauke da matsin da ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar, kai kuma ka ƙara masa a makance. Masu arha mai kawai suke ƙarawa ba tare da iska ba, shi ya sa za ka taka totur ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe a madubi. Hayaƙin nan dizal ne da bai ƙone ba, kuma zafinsa a kan fistin da turbo yake sauka.

Injiniya Sadiq, Samaru:
Oga Bala ya faɗi gaskiya. In dole sai ɗaya, rimap zan zaɓa, domin shi ana daidaita komai tare: yawan mai, lokacin da nozul zai fesa, da iskar da turbo zai tura, kuma birenbos yana ci gaba da ganin ainihin halin da inji yake ciki, in abu ya wuce kima ya ja baya da kansa.

Sai dai a duba wani abu tukuna. Injin motarka, 2KD-FTV, Toyota ta fitar da shi da ƙarfin doki 102, da 120, da kuma 144. Bambancin ba a manhaja kaɗai yake ba. Mai 102 ba shi da intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, mai 144 kuma turbonsa ma daban ne. Idan taka marar intakula ce, aka ɗora mata manhaja mai zafi, sannan ka yi mata lodi da rana tsaka a watan Afrilu, wallahi ina ji mata tsoro. Da yawa daga manhajojin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don sanyin Turai da tataccen dizal ɗinsu, ba don wanda muke saya a nan ba, wanda wani lokaci har da ruwa a ciki.

In ka je wurin mai yi, ka tsaya a kansa ya fara kwafe manhajar asali ya tura maka a wayarka. Ka tambaye shi ko ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari zai shiga, ko sai ya ciro birenbos ya buɗe. Ka kuma ga ya jona caja a batir, domin in wuta ta yanke ana tsaka da rubutu, birenbos na iya mutuwa. Wanda ya ce bai san zancen ajiye ta asali ba, ka ɗauki makullinka ka tafi.

Alhaji Ɗanlami, Kwangila:
Aminu ɗana, buhu nawa kake ɗora mata? An yi motar nan don kayan da bai wuce tan ɗaya ba, buhu goma ke nan in an cika. Ko an ƙara wa inji ƙarfi, birki da kulochi suna nan yadda suke. Kulochin ne zai fara tafiya, ka ji ƙauri a hawa, inji na ihu mota ba ta ci gaba.

Mustapha, Ƙofar Doka:
Ni dai na sa akwati mai kyau, irin mai jona sensa biyu, ta mai da ta iska, na bar shi a mataki na ƙasa, ban ga hayaƙi ba. Kada a yi musu kuɗin goro. Amma fa ni ba na lodi.

Maman Khalifa:
Don Allah Corolla 1.8 ma ana yi mata?

Injiniya Sadiq, Samaru:
Hajiya ki riƙe kuɗinki. Injin fetur marar turbo ɗan abin da zai ƙaru ba za ki ji shi a ƙafa ba. Sabbin fulogi da filtar iska sun fi miki amfani.

Oga Bala Rewaya, Sabon Gari:
Malam Aminu, na manta babban abu. Motar 2008 da ke bin ƙurar hanyoyin ƙauye, ƙarfinta na asali ma ba lallai yana nan ba. A buɗe bawul ɗin EGR, mai mayar da wani hayaƙi cikin inji, da bakin manifol, bututun da iska ke bi ta shiga inji, za ka ga baƙin kwalli ya daskare ya rage hanyar iska, sai an kankare da sukundireba. A canza filtar dizal da ta iska, a gwada nozul, a duba bawul ɗin SCV da ke jikin famfo, mai daidaita yawan man da ke shiga, domin shi ma in ya gaji mota sanyi take yi. A wanke lagireto.

Aminu, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Alhaji, buhu goma sha biyar nake ɗorawa, zan rage. Na leƙa yanzu, tawa ba ta da intakula. Oga Bala, ranar Asabar da safe in sha Allah zan kawo ta a fara da EGR da filtoci, in ja ta da kaya tukuna kafin in sake tayar da zancen rimap.