Abin da aka faɗa kan kalmar "strangely"

Na tattara ra'ayoyin 'yan uwa saboda ƙannenmu masu shirin WAEC, don kalmar tana ruɗa su.

1. Kusan kowa ya yarda daga "strange" ta fito, aka ƙara mata -ly, tana nuna yadda aka aikata abu. Mai shago a Kantin Kwari ya zauna yana ta dariya shi kaɗai, ko ciniki ba ya kulawa, sai ka ce "he is behaving strangely".

2. A farkon jimla, ma'anarta "abin mamaki".

3. In kamannin mutum kake nufi, "he looks strange" ne daidai, ba "he looks strangely" ba. Nan da yawa ke faɗuwa.

4. An rabu kan fassara: wasu sun ce "bambaraƙwai", wasu "wani iri". Ni dai ta biyun na fi ji a bakin Kanawa.