Neman kalma: kuɗin da ake rage wa matashi saboda shekarunsa

Mai Fassara: Salamu alaikum. Rahotona zai fita ƙarfe biyar, ga shi na maƙale. A Birtaniya, a Afrilun 2025 aka mayar da mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 a awa. Mai 18 zuwa 20 fam 10, mai 16 da 17 fam 7.55. Gwamnatin Labour ta yi alkawarin soke wannan bambanci ga duk wanda ya kai 18. Wannan ragaggen kuɗin suna ce masa "youth rate". Ni me zan ce?

Hajiya Edita: Albashin matasa mana.

Mai Fassara: Hajiya, na gwada wa direbanmu ɗazu. Cewa ya yi "a ina ake cike fom ɗin?" Ya ɗauka tallafi ne irin N-Power, shirin gwamnatin Najeriya na tallafa wa matasa.

Ɗan Damagaram: Albashin yara?

Hajiya Edita: Ɗan shekara 20 da ke jidar kwalaye kafaɗa da kafaɗa da ɗan 21, a zaftare masa fam 2.21 kowace awa, shi ne yaro? Ka ba gwamnati hujja ke nan.

Malamin Hausa: Tun daga tushe kuka kauce. Albashi na wata ne. Wanda ake lissafa wa da awa ƙwadago yake yi. Na daɗe ina cewa a yi amfani da "ladan ƙanne": aiki ɗaya, amma ƙane ya karɓi ƙasa da na wa.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, lada kuma? Mu nan in aka ce lada, sai a jira lahira.

Malamin Hausa: Ladan aiki tsohuwar Hausa ce, ɗana. Ku 'yan Nijar da kuke ce wa mafi ƙarancin albashi SMIG da Faransanci, ba ku da bakin gyara mana.

Ɗan Damagaram: Ku kuma "minimum wage" kuka yi ta yi a rediyo har aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya a 2024. Hausar Kano ba wahayi ba ce.

Malamin Hausa: Ni Bakatsine ne.

Mai Fassara: Don Allah, huɗu da kwata ta yi.

Hajiya Edita: Ƙanena, bar su. "Mafi ƙarancin albashi" ya riga ya zauna a kunnen mutane, kada ka taɓa shi. Ka ce "mafi ƙarancin albashi gwargwadon shekaru", ka kawo alƙaluman nan uku a jere, mai saurare zai gane da kansa. Ka kuma faɗi cewa shekarun da ake fara biyan cikakken kuɗin suna ta raguwa: 25 ne a 2016, ya koma 23 a 2021, sannan 21 a 2024.

Malamin Hausa: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba.

Mai Fassara: Gaskiya ne Malam, ta yi tsawo, amma ita zan karanta. Na shige situdiyo.

Malamin Hausa: To. Amma ka sa "ladan ƙanne" ko sau ɗaya ne, mu ji yadda za ta faɗa a kunne.