Ta ina ake fara zaman fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista a unguwar da aka taɓa rikici?

Sakataren_Unguwa:

Assalamu alaikum. Kwamitin ci gaban unguwarmu a Kaduna na son haɗa zama tsakanin Musulmi da Kirista kafin siyasa ta yi zafi. Unguwa ce ta cuɗanya, akwai Hausawa, Fulani, Gbagyi, Bajju, Atyap, Yarbawa da Ibo. Ba a faɗa, amma zaman doya da manja ake yi. Ƙorafi uku ke yawo: tare hanya ranar Juma'a da Lahadi, ƙarar lasifika da dare, da masu gidajen haya da ke tambayar addini da ƙabila kafin su ba da ɗaki. Don Allah masu sanin harkar ku taimaka: mutum nawa za a kira, su wa, a ina, kuma a taɓo maganar aƙida ko a bar ta? Ba ma son taron shan lemo da ɗaukar hoto.

Mai_Shiga_Tsakani:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku fara da haɗa ɓangarorin biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ware sati uku zuwa huɗu ana zaman cikin gida, Musulmi su kaɗai, Kirista su kaɗai, kowane ɓangare sau biyu. A nan ne mutum zai amayar da abin da ke cikinsa ba tare da wani ya ji an zage shi ba. A ƙarshe kowane ɓangare ya fito da takarda shafi ɗaya mai amsa tambaya uku: me ake yi mana da ke damunmu, me muke tsoro, kuma me muke yi wanda muka san yana damun maƙwabtanmu. Ta ukun nan ita ce ma'auni. Ɓangaren da ya kasa rubuta ko layi ɗaya a ƙarƙashinta bai shirya ba, a ƙara masa zama. Da irin wannan matakin na cikin gida aka san cibiyar da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa nan Kaduna bayan haɗuwarsu a 1995, mutanen da a da suka jagoranci matasa masu gaba da juna, har Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992.

Zaman haɗakar kada ya wuce mutum ashirin zuwa ashirin da huɗu, a raba daidai. In ya zarce haka ya koma gangami, kowa zai riƙa magana don mutanensa su ji, ba don na gabansa ya fahimta ba. Jagorori biyu, Musulmi da Kirista, waɗanda suka zauna tun kafin ranar suka raba aiki. In Musulmi ya zarce iyaka, jagora Musulmi ne zai taka masa burki, in Kirista ne, ɗan'uwansa Kirista. In aka yi akasin haka, tsawatarwar kanta ta zama sabon ƙorafi.

Wuri: ajin makarantar gwamnati ko ɗakin taron da kowa ke iya zuwa ya koma gida kafin duhu. Kada zaman farko ya zama a masallaci ko coci, ko gidan mai riƙe da muƙamin siyasa. Gidan mai unguwa ma sai in kowa ya yarda da shi. Asabar da safe, ƙarfe tara zuwa ɗaya, ta fi dacewa: ba ta taɓa Juma'a ba, ba ta taɓa Lahadi ba, kuma an tashi kafin Azahar. Kujeru a da'ira, ba babban teburi, a cakuɗa wurin zama. Kowa minti uku, a sa agogo inda ake gani. Ba ɗaukar murya ko bidiyo, domin daƙiƙa talatin da aka yanko aka jefa a WhatsApp ta isa ta rusa aikin wata guda.

Sannan doka ɗaya da ke rage zafi fiye da kowace: kafin mutum ya mayar da martani, sai ya maimaita abin da na gabansa ya ce da nasa kalmomin, har mai maganar ya ce "haka nake nufi." Da farko mutane kan ji abin kamar wasan yara. Bayan zagaye biyu za ka ga masu shirya raddi a zuci sun koma saurare.

Maganar aƙida kuwa, shawarata ku bar ta gaba ɗaya. Ku ɗauki ƙorafi ɗaya tak, wanda ya fi sauƙi, wato tare hanya. Kada a raina shi: rikicin Jos na 7 ga Satumba 2001 ya tashi ne daga gardamar wucewar wata mata ta hanyar da aka tare don sallar Juma'a. Abin da za a fito da shi ya zama wanda ido zai gani: wane layi ake rufewa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, ta ina mota da mai tafiya a ƙasa za su zaga, wa ke tsayawa a shingen, kuma da wane irin lafazi zai yi wa mai wucewa magana. Ƙa'idar da aka sa wa Juma'a ita za a sa wa Lahadi.

Maman_Zumunta:

Salama gare ku duka. Baba Mai Shiga Tsakani ya kawo tsari mai kyau, zan ƙara a kan waɗanda za a kira.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta wa ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) wasiƙa ɗaya, a rubuta wa Jama'atu Nasril Islam (JNI) ɗaya, a ce an gama. Ɗan Katolika ba ya wakiltar ɗan ECWA, ɗan ECWA ba ya wakiltar cocin Fentikostal ɗin da ke kwana addu'a da lasifika, kuma sau da yawa ƙorafin a kansa ake yi. Haka a wancan gefen, in an kira ɗan Izala ba ɗan Ɗariƙa, ko akasin haka, wanda aka bari zai ce ba da yawunsa aka yi ba. Ku bi wuraren ibadar unguwar ɗaya bayan ɗaya ku ƙirga su. Cikin goma sha biyun kowane ɓangare, aƙalla huɗu mata, uku matasa. Matasan kuma ba masu ladabin da ke share harabar coci ko masallaci kaɗai ba, har da waɗanda ake jin maganarsu a tashar Keke Napep da majalisar mai shayi. Su ne ke kan titi ranar da abu ya ɓaci. In matan ba sa sakewa gaban malamai da fastoci, a ba su nasu zaman na minti arba'in, 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da 'yan Zumuntar Mata ta coci, su dawo da matsaya ɗaya.

Na biyu, kada a naɗe komai cikin rigar addini. Zangon Kataf a 1992 daga batun mayar da kasuwa wani wuri ya faro, da tsohuwar taƙaddamar ƙasa da sarauta tsakanin Atyap da Hausawa. Na Jos a Nuwamba 2008 ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Ƙarƙashin da yawa daga cikinsu akwai tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa ake ba takardar shaidar asali wa ake hanawa. Shi ya sa yarjejeniyar Kafanchan ta 2016 aka gina ta a kan ƙabilu 29 daga ƙananan hukumomi biyar, ba a kan addinai biyu kawai ba. Ƙorafinku na gidan haya daga wannan jijiyar yake. In da Bahaushe Kirista a unguwar, ko Bagbagyi Musulmi, ku sa shi a zaman. Ganinsa kaɗai na rushe tunanin cewa ƙabila da addini abu ɗaya ne.

Sai kalmomi. Tun a zaman cikin gida a tambayi kowa: wane suna ne in an kira ka da shi yake sosa maka rai? Za ku ji "arna", za ku ji "ƙabilu" da ake faɗi da raini, a wancan gefen za ku ji "baƙi", "'yan ci-rani", "'yan ta'adda". Mutane da yawa na faɗarsu ba da nufin zagi ba, da su suka tashi. A rubuta su a allo, a yarda kowa za a kira shi da sunan da ya zaɓa wa kansa: Atyap, Bajju, Gbagyi. Kirista ya ce Yesu, Musulmi ya ce Annabi Isa, kada a gyara wa kowa.

Addu'a kada a haɗa ta. Liman ya buɗe da tasa, Fasto ya rufe da tasa, zama na gaba a juya. Wanda ba addininsa ba ne ya yi shiru cikin girmamawa, ba a tilasta masa cewa amin. Abinci kuma a sayi nama wurin mahauci Musulmi a sanar, ko a yi kifi a huta. A duba kalanda kada ya faɗa cikin Ramadan ko makon Ista.

Ɗalibin_Fiƙihu:

Allah ya saka wa iyayenmu biyu da alheri. Sai dai ina da ja a kan barin aƙida gaba ɗaya, Baba ya gafarce ni. A zaman farko da na biyu, na yarda. Amma in aka ci gaba da zagaye ta, masu riƙo da addini sosai za su janye. Musulmin zai zargi ana son a ce duk addinai ɗaya ne, Kiristan zai zargi ana son a hana shi shelar bishara, a bar ku da waɗanda dama ba su da matsala da kowa. Wannan kitso ne da ƙwarƙwata.

Tun a wasiƙar gayyata a rubuta ƙarara: ba a nemi kowa ya sassauta imaninsa ba, ba a zo muƙabala ba, ba a zo jawo kowa ba. Musulmi ya yi imani Annabi Isa manzon Allah ne, ba a gicciye shi ba. Kirista ya yi imani Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu ya tashi. Waɗannan ba sa haɗuwa a tsakiya, kuma faɗin hakan a fili ya fi girmama juna a kan a ɓoye. Tawagar Kiristocin Najran, kimanin mutum sittin, sun zo Madina sun yi muhawara da Annabi (SAW) a kan Isa, ba su musulunta ba, suka koma da alƙawarin aminci. Saɓanin ya zauna, zaman lafiyar ma ya zauna.

Ga yadda ake yi a zama na uku ko na huɗu. A zaɓi jigo ɗaya, misali haƙƙin maƙwabci ko tantance labari kafin yaɗa shi. Kowane ɓangare ya kawo nassi gajere daga littafinsa, nasa malamin ya karanta ya bayyana cikin minti goma. Ɗaya ɓangaren tambaya kawai zai yi, "me kuke fahimta da wannan?", ba "ai littafinku ya ce" ba. Ba wanda zai fassara littafin wani. Rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987 ta nan ya ɓullo, daga wa'azin da aka zargi mai yin sa da yi wa ayoyin Alƙur'ani fassarar ɓatanci, wutar ta kai Kaduna, Zariya da Funtuwa.

Nassosi suna nan. Suratul Ankabut aya ta 46 ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau. An'am 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Hujurat 6 ta umarci a bincika labari, ta 13 kuma ta ce an yi mu al'ummai da ƙabilu don mu san juna. Maman Zumunta ta fi ni sani a nasu gefen, amma 1 Bitrus 3:15-16 na maganar ba da amsa game da bangaskiya cikin tawali'u da ladabi, Yaƙub 1:19 kuma saurin ji da jinkirin magana.

Malama_Mai_Nazari:

Ina goyon bayan Ɗalibi a kan wasiƙar gayyata. Nawa ƙarin a kan abin da za ku sa rai da shi ne.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport, yana duban zaman farare da baƙaƙen fata a Amurka, ya ce cuɗanya kaɗai ba ta rage ƙyama sai an zauna a matsayi ɗaya, da buri ɗaya, ana aiki tare, kuma hukuma na mara baya. An gwada abin nan Kaduna. Alexandra Scacco da Shana Warren sun bi matasa maza 849, Musulmi da Kirista, aka sa wasunsu a kwas ɗin kwamfuta na sati 16, wasu a aji gauraye wasu a ajin addini ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna ra'ayin da matasan ke da shi game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba, amma a aikace 'yan aji gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan ajin addini ɗaya ba. Darasi biyu ke nan. Kada ku auna nasara da daɗin baki a wurin taro, ku auna da ko an buɗe hanya a kan lokaci, ko an rage lasifika bayan ƙarfe goma. Sannan zaman cikin gidan da Baba ya faɗa kada ya wuce biyun nan, in ya yi tsawo yana iya ƙara wa kowa riƙo da nasa.

Sa hannu ma ba ya wadatarwa. Shugabannin addini 22 sun rattaba hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agusta 2002, a Nuwambar shekarar rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a Kaduna. Manya sun yarda, maganar ba ta sauko layi ba. Don haka abin da kuka cimma a karanta shi a huɗubar Juma'a da sujadar Lahadi na sati ɗaya, da lafazi ɗaya. A naɗa mutum shida, uku-uku, masu lambobin juna da ta DPO, aikinsu in jita-jita ta tashi biyu daga cikinsu, Musulmi da Kirista, su je wurin tare su gani da ido, su fitar da saƙon murya ɗaya cikin awa guda.

Sakataren_Unguwa:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwa. Saura ɗaya: a ba da kuɗin mota?

Mai_Shiga_Tsakani:

In cikin unguwa ne, a'a. Da zarar an fara raba ambulan, masu zuwa za su canza, ranar da babu kuma ba za ka ga kowa ba. Ruwa da abinci sun isa, kuɗinsu kuma a haɗa daga ɓangarorin biyu daidai, a karanta lissafin a gaban kowa. In ɗan takara ya ce zai ɗauki nauyi, a gode masa a ce sai bayan zaɓe. Kafin a tashi a sa ranar zama na gaba, kada ta wuce sati huɗu, abu na farko a ajandarsa shi ne: shingen Juma'a da na Lahadi, an buɗe su a lokacin da aka ce?