Me ya sa kasuwannin intanet ke sauke kayan da doka ba ta hana sayarwa ba?

Sabon Mai Shago ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka daɗe suna saye da sayarwa a intanet. Kwanan nan na buɗe shago a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin intanet, na ɗora kayayyaki iri-iri, sai aka sauke mini tallace-tallace uku: na turaren fesawa, da na batirin ajiyar cajin waya, da na wani man shafawa mai haska fata. Saƙon da aka aiko mini bai yi wani bayani ba, illa cewa kayan sun saɓa wa ƙa'idar kayayyakin da aka hana da waɗanda aka gindaya wa sharaɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana sayar da duk waɗannan kaya a shaguna a fili ba wanda ya ce uffan, kuma a cikin kasuwar ma na ga wasu suna tallan irinsu. To, da wane ma'auni ake hana wani a ƙyale wani? Sannan an ba ni shawarar in sauya wa kayan suna in sake ɗorawa, shin akwai haɗari a cikin yin hakan?

Tsohon Dillali ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, jerin nan da aka yi maka nuni da shi ya kasu gida biyu, kuma kayanka uku ba a gida ɗaya suke ba. Gida na farko shi ne na kayan da babu wata takarda da za ta halatta maka sayar da su, kamar miyagun ƙwayoyi, da kayan sata, da jabun kaya, da takardun shaida na bogi, da sassan jikin ɗan Adam. Wasu ma doka ta yarda da cinikinsu a wasu ƙasashe, amma kasuwa ta ga ba za ta iya ɗaukar nauyinsu ba. Misali, kasuwar intanet ta eBay ta daina karɓar tallan bindigogi tun 1999, Facebook kuma ya hana cinikin bindiga tsakanin mutum da mutum a 2016. Gida na biyu shi ne na kayan da ake sayarwa amma bisa sharaɗi, kuma a nan turarenka da batirinka suka faɗa.

Bambancin mai shagon gari da kai shi ne, shi yana miƙa kaya hannu da hannu, kai kuwa naka sai ya kwana a sito, ya shiga mota, wataƙila ya hau jirgin sama. Batirin litiyam idan ya huje, ko aka danne shi, ko wayoyinsa suka haɗu, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Saboda haka ne hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar irin waɗannan batura a matsayin kaya a jiragen fasinja daga watan Afrilun 2016, waɗanda kuma za su bi jirgin dakon kaya ba a son cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100. Batirin ajiyar caji ana lissafa shi a matsayin batiri zalla, don haka ƙa'idarsa ta fi ta wayar da batirinta ke cikinta tsauri. Abin da kasuwa ke nema galibi shi ne shaidar cewa batirin ya ci gwajin jure wahalar sufuri da ake kira UN 38.3, kuma masana'anta ko babban dilan da ka saro a wurinsa ne ya kamata ya ba ka ita. Idan ya kasa, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi shakkar ingancin kayan.

Shi kuwa turaren fesawa, mafi yawan abin da ke cikin kwalbar sinadarin barasa ne, wanda ke cikin rukunin ruwa mai saurin kama wuta, kuma gidajen waya da yawa ba sa karɓarsa zuwa ƙasashen waje. Waɗanda ka gani suna talla, ko dai sun miƙa takardu an amince musu, ko kuma idon kasuwa bai kai kansu ba tukuna.

Uwar Ɗaki ta amsa:

Malam Dillali ya gama magana kan biyun farko, ni kan man shafawar zan tsaya, domin shi ne ya fi ba ni tsoro. Ɗan uwa, ka juya robar ka karanta jerin sinadaran da ke bayanta. Mayukan haska fata da dama an same su da zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe suka ɗauki matakin hana sanya ta a kayan kwalliya. Wasu kuma suna ɗauke da sinadarin haidurokinon, wanda Tarayyar Turai ta hana sanyawa a kayan haska fata, ko magungunan sitiroyid da sai likita ya rubuta. Idan babu jerin sinadarai, babu lambar rajistar hukumar abinci da magunguna, to a ganina kasuwar ta yi maka gata da ta sauke shi, domin ranar da ya ƙona fuskar wata, kai za a nema.

Batun sauya suna kuwa, kada ka soma. Wannan dabara tsohuwa ce, kuma masu kasuwannin sun san ta ciki da bai. Bayan da eBay ta hana cinikin hauren giwa a farkon 2009, shekaru 20 bayan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989, sai masu sayarwa suka koma rubuta "ƙashin sa" a tallarsu, aka gano, aka bi su. A 2018 manyan kamfanonin intanet suka haɗa gwiwa da ƙungiyoyin kare namun daji na WWF da TRAFFIC da IFAW don daƙile cinikin namun daji, kuma ana horar da ma'aikata da na'urori su gane irin wannan ɓoye suna, har ta hanyar hoto. Wanda ya ɗora kaya bisa rashin sani gargaɗi ake yi masa, amma wanda ya sake ɗorawa da wani suna ya nuna ganganci ke nan, kuma hukuncinsa yakan kai ga rufe shago da riƙe kuɗin cinikinsa na wani lokaci. Sake buɗe sabon shago ma ba ya fisshe shi, tunda lambar waya da asusun banki suna tona shi.

Mai Kayan Gyara ya amsa:

Na yarda da bayanan da suka gabata, sai dai kada mu mayar da kasuwannin nan kamar ba sa kuskure. Mafi yawan saukewar nan na'ura ce ke yin ta, tana farautar kalmomi, ba ta san mahallin magana ba. An taɓa sauke mini tallan bindigar fesa fenti saboda kalma ɗaya da ke cikin sunanta, kuma sai da na yi ta aika saƙo kafin wani ɗan Adam ya duba ya mayar da ita. Babban kamfani yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa shi ne mai saro kaya, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne kuma lauyan kansa. Ko a Turai sai da doka ta shigo ciki: dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, ta wajabta wa dandali ya faɗi dalilin sauke abu, ya kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara. Saboda haka shawarata ita ce ka ɗaukaka ƙara kan turaren da batirin, ka haɗa da rasidin sari da hoton kwalin ta kowane gefe, ka kuma tambaye su takamaimai wace takarda suke so.

Sabon Mai Shago ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba robar man, babu lambar rajista a jikinta, don haka na ajiye shi gefe. Saura tambaya ɗaya: ina da niyyar sayar da wayoyi na hannu, su ma sharaɗin batiri zai hau kansu?

Tsohon Dillali ya amsa:

Zai hau, amma da sauƙi, muddin batirin yana cikin wayar, bai kumbura ba, kuma ka kashe ta kafin ka naɗe. Abin da za a fi tsananta maka a kai shi ne asalin wayar: ka duba lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da ita, don tabbatar da ba a kai rahoton sace ta ba, ka tabbata mai ita na farko ya cire asusun da ya yi wa wayar rajista da shi, sannan ka guji duk samfurin da kamfaninsa ya janye daga kasuwa, kamar Galaxy Note 7 da Samsung ya janye a 2016 saboda kamawa da wuta. Kayan da aka janye suna gida na farko ne, ko da naka yana aiki lafiya ƙalau.